A Koya Wa Yaro Zaman Fo Da Lallami, A Kuma Zubar A Masai

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman manoma da masu ƙananan sana'o'i irina, a kan wani al'amari da muke ganin ya yi ƙanƙanta a kawo shi jarida, alhali kuwa yana cin aljihunmu, yana kuma kai 'ya'yanmu asibiti. Maganar ita ce ta koya wa yaro ƙarami zaman fo, da kuma inda ake kai abin da ke cikin fo ɗin bayan yaro ya tashi. Masu karatu su gafarce ni, domin dole in kira wasu abubuwa da sunansu, kuma dai Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ni manomi ne, ina kuma da ɗan teburin tireda a nan Hotoro ta Ƙaramar Hukumar Nassarawa a Kano. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga abin da idona yake gani a unguwa da gona, da abin da muke ji a rediyo, da kuma bayanin da ma'aikatan lafiya suke yi wa matanmu ranar awo da ranar rigakafi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk kashin da yaro ya yi a gida, masai ne makomarsa, kuma hanya mafi sauƙi da arha ta kai shi can ita ce a saba wa yaro da fo cikin haƙuri. Sa'annan wannan aiki da hannun maigida a ciki dumu-dumu, ko da kuwa mun saba barin sa a wuyan mata.

Iyayenmu mata na da suna da dabararsu. Tun yaro yana goye uwa take lura da lokacin da yake yin bayan gida. Da ta ga alama sai ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a tsakaninsu, tana yi masa ɗan sauti da baki har ya gama, ta wanke shi, ta barbaɗa toka ko ƙasa a wurin, ta kwashe. Da ya fara zama da kansa sai a nemo masa fo, in babu a sami wani tsohon kasko. Abin da ya sa suke himma shi ne kunzugun tsumma ake yi wa yaro, kuma ita uwar ce za ta wanke shi da hannunta. Kowace rana da yaro ya yi a fo, ta huta da wanki ɗaya ke nan. Shi ma yaron, da ya jiƙa tsumma yana jin sanyi da damuwa a jikinsa, sai ya fara gane cewa akwai abin da yake fita daga gare shi.

To yau kuma an sami kunzugun zamani, wanda muke kira famfas ko da wane kamfani ne ya yi shi. Ni kaina ina sayar da shi ɗai-ɗai a teburina, saboda haka wannan magana da nake yi cinikina take ragewa, amma gaskiya ɗaya ce. Famfas yana da ranarsa. In za a yi doguwar tafiya a mota, ko za a kwana a asibiti, ko za a gidan biki, ko kuwa da daddare lokacin sanyi, ba wanda zai ce bai yi amfani ba. Inda gizo yake saƙa shi ne yanzu an mayar da shi tufar kullum, dare da rana. Yana tsotse fitsari, yaro ba ya jin ya jiƙe, uwa ma ba ta ganin lokacin da ya yi balle ta kama lokacinsa. Sai ka ga yaro ya shekara uku, yana gudu, yana tsara zance, ana aikensa sayen magi, amma bai taɓa hawa fo ba.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Mu ƙaddara yaro yana cin guda uku a rana. A wata guda 90 ke nan, a shekara kuwa guda 1,095. Mu ƙaddara kuma kowane ɗaya Naira 200 ne, wani wuri ya fi haka, wani wuri bai kai ba. A rana Naira 600, a wata Naira 18,000, a shekara Naira 219,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a shekarar 2024 Naira 70,000 ne a wata. Ashe ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi aikin wata uku cur yana biyan abin da ƙarshensa bola. Mu kuwa da ba mu da albashi, wannan kuɗin buhunan taki ne, ko jarin tebur sukutum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma. Fo na roba kuwa sau ɗaya ake sayensa, yaya ya gama ya bar wa ƙane, ƙane ya bar wa ƙanwa.

Saboda tsadar nan ne ma wasu mata suke barin guda ɗaya a jikin yaro tun safe har magariba, sai ya yi nauyi yana rinjayarsa. Ƙarshenta gindin yaro ya yi ja, ya saɓule, ya fito da ƙuraje, a koma neman man shafawa a kemis. Kuɗi a kan kuɗi.

Bayan aljihu sai gona. Duk manomin da yake kewayen birnin Kano ya san takin bola. Tun zamanin kakanni ake ɗibar sharar birni a kan jakuna a mangala a kai gonaki da rani, shi ya sa ƙasarmu take ba da amfani shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Yanzu tifa ce take kawowa. A da in aka juye maka shara, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da karmami. Yau in aka juye, sai ka sa yara su yini suna tsince leda da famfas, domin shi ba ya ruɓewa. Ka binne shi bana, baɗi garma ta tono maka shi yana nan yadda yake. Wanda bai zo gona ba kuma yana cikin kwata. Ku duba kwatocin unguwanninmu tun daga Hotoro har Kawo da Giginyu in damina ta kankama, ku ga abin da yake toshe su. In ruwan watan Agusta ya rasa hanya, ai cikin gidajenmu yake shigowa, kuma tare da abin da muka zuba masa yake dawowa.

Wannan ya kawo ni ga babbar maganar, wato lafiya. Akwai wani zance da ya zauna a zukatanmu cewa kashin yaro ba komai ba ne, ai nono ne kawai da koko. Shi ya sa babba ba zai taɓa tsugunawa a tsakar gida ba, amma yaro ya yi a gindin turmi, a bar shi nan sai an gama tuƙin tuwo. Ma'aikatan lafiya kuwa cewa suke yi na yaro ya fi na babba haɗari, domin yara su ne suka fi yawan ciwon ciki da tsutsa, kuma nasu ne yake zama a inda ake girki, ake shanya, ake wasa. Ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya sauka a bakin kwanon fura. Kaza ta tattaka ta hau tabarma. Mai rarrafe ya bi ta wurin ya sa hannu a baki. Ita ma uwar da ta wanke yaro ba ta sa sabulu ba, da hannun nan za ta dama masa kunu.

In zawo ya kama yaro sai mu ce haƙori ne. Jama'a mu yi tunani mana. Lokacin da haƙori yake fitowa shi ne lokacin da yaro yake rarrafe, dasashinsa yana yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai ya kai baki. Haƙorin muke ɗora wa laifi, alhali ƙazantar da ya tsinta ce ta shiga cikinsa. Muna cewa haƙori ne muna jira ya wuce, ruwan jikin yaro yana ƙarewa, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, sai an makara a ruga asibiti. Yara nawa muka kai makwanci ta wannan hanya muka ce kwana ne ya ƙare? Kwana kam na Allah ne, amma Shi ne kuma Ya hore mana sabulu da hankali.

Mu mutanen Kano bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba, domin mun gani a jikinmu. An yi annobar amai da gudawa a birnin nan daga ƙarshen 1995 zuwa 1996, kuma likitocin da suka bi diddiginta sun gano cewa rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da shan ruwan da ake sayarwa a titi suna cikin abubuwan da suka yaɗa ta. A shekarar 2021 ta sake ɓarkewa a Nijeriya, mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ita wannan cuta ta bayan gida take fita, ta ruwa da abinci take shiga.

Haka nan cutar shan inna. Mun yi shekaru muna danganta ta da iska, alhali ƙwayarta a cikin hanjin yaro take zama, ta fita ta kashinsa, ta shiga bakin wani yaron. An dakatar da ɗigon rigakafinta a Jihar Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004, aka yi ta fama gida-gida har Allah Ya sa yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar nan shi ne na Sumaila a watan Yuli na 2014. A shekarar 2020 aka ba da shelar cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin cutar. Duk wannan wahala da aka sha, mafarinta kashin yaro ne da bai shiga rami ba. Saboda haka duk wanda ya ce maganar fo wasa ce, ya tuna da 'yan'uwanmu da wannan cuta ta hana su taka ƙafarsu.

To yaya za a koya wa yaro? Abu na farko shi ne mu bambance abu biyu. Ɗora jariri ɗan wata bakwai ko takwas a fo abu ne mai kyau, yana rage wanki, yana sa ya saba. Amma a wannan lokaci uwa ce take kama lokaci, shi yaron bai iya riƙewa ba tukuna. Iya riƙe fitsari da kashi har a kai ga fo sai jiki ya nuna, kuma a wurin yawancin yara wannan yana zuwa ne tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa shekara uku. Wani ya yi sauri, wani ya yi jinkiri, kamar yadda gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba ko da rana ɗaya aka shuka su. Alamomin da ake dubawa su ne, yaro yana tafiya da ƙafarsa sosai, yana ɗaukar kamar awa biyu bai jiƙa wando ba, yana gane magana in an ce zo ko zauna, yana laɓewa bayan ƙofa in zai yi, ko yana jan wandonsa yana nuna ya ɓaci.

In an ga haka, sai a cire masa famfas da rana, a sa masa ɗan wando mai sauƙin zamewa. A ajiye fo a wuri ɗaya da ya sani, kusa da makewayi, nesa da madafa da randa. A riƙa ɗora shi da ya tashi daga barci, da kuma jim kaɗan bayan ya sha koko ko ya ci abinci, domin a lokacin ne ciki yake motsawa. Minti kaɗan ya isa. In ya yi, a yaba masa, a tafa masa, a gaya wa babansa a gabansa in ya dawo daga kasuwa. In bai yi ba a ɗaga shi, an jima a sake. Kada a dasa yaro a fo a tafi wanke-wanke a manta da shi har ya yi barci a kai, ko ya riƙa jan fo ɗin yana zagaya tsakar gida da shi. Kada kuma a miƙa masa abinci yana kai. Lokacin zafi ya fi daɗin wannan koyo, domin kaya kaɗan ne a jikin yaro, shanya kuma ba ta daɗewa.

In an gama a wanke shi da ruwa, 'ya mace daga gaba zuwa baya domin kada ƙazanta ta jawo mata ciwon mara. Sa'annan a juye fo a masai nan take, a ɗauraye shi, ruwan ɗaurayar ma a masai, a kife shi a rana. Daga nan uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta wanke na yaron, in babu sabulu toka tana nan kyauta a murhu. Yaron da ya saba da cewa bayan fo sai wanke hannu, ya sami abin da zai bi shi har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a haɗa wa yaro zafi biyu. In ana cikin yaye, musamman in an kai shi gidan kaka, ko an yi masa ƙane, ko an tashi an koma sabon gida, ko yana fama da zazzaɓi, a ɗaga masa ƙafa. Ko wanda ya riga ya iya yakan koma baya a irin wannan lokaci, kuma in an yi haƙuri zai dawo hanya.

Abu na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne duka. Haba jama'a! Yaro ɗan shekara biyu ya saki fitsari a kan katifa, sai ka ji an rufe shi da silifa, ana zagi har da kakanninsa. Wallahi duka ba ya koya wa mafitsara komai. Abin da yake koya wa yaro shi ne tsoro. Sai ya riƙa ɓuya bayan ɗaki ko ƙarƙashin gado yana yi, ko kuma ya riƙe kashin kwana biyu, kwana uku, har ya bushe a cikinsa. In ya zo fita ya ji masa ciwo, wani lokaci har da jini, sai ya ƙara jin tsoron fo, mu kuma mu ce basir ne mu shiga ba shi jiƙe-jiƙe. Maganin wannan shi ne a daina tsawa, a ba shi ruwa sosai da ganye da 'ya'yan itace irin su gwanda da lemo, in abin ya ƙi a kai shi asibiti.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Malamai suna karanta mana cewa wata sahabiya, Ummu Ƙaisin, ta kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗanta jariri, ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa. Ruwa kawai ya nema aka yayyafa a wurin. Har babban mutum baƙauye da ya yi fitsari a masallaci, hana sahabbai ya yi su far masa, ya sa aka kwara guga na ruwa, sa'annan ya yi masa nasiha. To katifar wa ta kai masallacin Madina daraja? A ɗaya ɓangaren kuma, hadisi ya yi kashedi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Wanda ya juye fo a kwatar ƙofar gida, ko ya wurga famfas a lungu, ya tambayi malaminsa ko ya tsira daga wannan kashedi.

Fitsarin kwance kuma daban ne. Riƙe fitsari cikin barci yana zuwa ne a baya, kuma ma'aikatan lafiya ba sa ɗaukarsa matsala kafin yaro ya kai shekara biyar. Sau da yawa gado ne, in ka bincika za ka tarar uban ko uwar sun yi. Al'adar nan ta ɗora wa yaro tabarmarsa a ka, a ɗaura masa kwaɗo, a tara masa yaran unguwa suna kiransa amalala, tozarci ne kawai, yaron ba da gangan yake yi ba. A rage masa shan ruwa dab da kwanciya, a sa shi ya yi fitsari kafin ya hau shimfiɗa, a shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane. In ya wuce shekara shida ko bakwai yana yi, ko ya daina da daɗewa sa'annan ya dawo, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, to asibiti za a nufa.

Yanzu sai mu maza. Na san wani zai ce wannan ai zancen mata ne, me ya kai namiji? To wa yake biyan kuɗin ƙarin ruwa in an kwantar da yaro? Wa yake rufe tebur ya yini a layin kati? Mace ba za ta haƙa masai ba. Sayen fo da buta da sabulu yana wuyan maigida kamar yadda hatsi yake wuyansa. Gyaran masai ma haka. Da yawa daga cikin masanmu bakinsu ya yi faɗi, daɓen ya tsage, ga duhu, ga kyankyasai, babba ma da addu'a yake shiga. Uwa tana da gaskiya in ta hana ɗanta zuwa wurin, domin mun sha jin labarin yaron da ya faɗa. A ƙanƙance bakin, a yi masa daɓen siminti mai ƙwari, a yi masa murfi mai mariƙi domin ƙuda, a bar hanyar haske da iska. Ta haka yaro ɗan shekara huɗu zai iya tashi daga fo ya koma masai, babba yana riƙe da hannunsa.

A kuma lura da rijiya. Ma'aikatan tsafta suna son a sami tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Mu kuwa da muke zaune a filayen awon igiya, gidan gaba ɗaya ƙafa 50 ne, ko rabin wannan tazara da ƙyar ya kai, ga kuma masan maƙwabci a bayan katanga. Tun da haka ne, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga a daina yar da shi a ƙasa, ruwan da ƙananan yara za su sha kuma a tafasa shi. Kada a wanke fo ko yaro a bakin rijiya ko kaɗan.

Maigida ya kuma san wa yake zubar da fo a gidansa. A yawancin gidaje 'yar shekara bakwai ake miƙa wa, ita kuwa tana ƙyama, tana sauri ta koma wasa, sai ta leƙa waje ta watsa a kwata. A gidajen haya kuwa wannan shi ne mafarin faɗan mata da ba ya ƙarewa, wance ta bar fo a bakin ƙofata, ɗan wance ya ɓata mini wuri. In mazan gidan suka zauna suka yi doka ɗaya, kowane ɗaki da fo ɗinsa, kowa ya juye a masai, aka kuma yi karo-karon kwashe masai in ya cika, an huta da kai ƙara wurin mai unguwa.

Wani kuma zai ce ai mu ma haka aka rene mu a ƙasa, ga mu ba abin da ya same mu. Mu da muka rayu ne muke faɗar haka. A tambayi iyayenmu mata, kowacce ta haifi nawa, nawa suka tsaya? Kuma Hotoron da aka rene mu a ciki, ta gonaki da fili, ba ita ce ta yau ba. Yanzu gida ya haɗe da gida, abin da ya fita daga zaurenka a ƙofar maƙwabcinka yake tsayawa. Mai cewa babu ruwa kuma, na yarda da shi, mu ma a wurin 'yan garuwa muke saye. Amma buta ɗaya ta ishi fo da yaro da hannu, jarka ɗaya kuwa ba ta isar wankin zannuwan da yaro mai zawo zai ɓata a dare ɗaya.

A ƙarshe ina kira ga hukuma. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin hana yin bayan gida a fili a ƙasar nan, kuma a shekarar 2022 maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta cimma wannan buri. In Jigawa ta iya, Kano ma za ta iya, amma a tuna cewa gida mai masai wanda ake zubar da kashin yaransa a kwata bai rabu da matsalar ba. Iyayenmu suna ba mu labarin dubagari na zamanin En'e, waɗanda suke shiga gida su leƙa randa, su leƙa masai. A ƙarfafa musu gwiwa su riƙa zagayawa da wayar da kai, kada abin ya tsaya a sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. A samar da makewayi mai ƙaramin baki da ruwa a makarantun firamare da Islamiyyu da makarantun allo, domin yaron da aka koya wa fo a gida in ya je makaranta ya tarar babu wuri, bayan katanga zai koma.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni su riƙa sako wannan magana a wurin raɗin suna, inda maza suke taruwa kuma jaririn yana sabo. Ungozomomi su faɗa wa masu jego. Iyaye kuma kada a yi wasa da rigakafi, domin tun shekarar 2022 aka shigar da ɗigon rigakafin wani nau'in gudawar yara cikin wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati. In zawo ya kama yaro a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti, a bar cewa haƙori ne.

'Yan'uwana 'yan tireda kuma, mu riƙa ajiye fo da sabulu a gaban tebur kusa da famfas, in uba ya zo saye mu yi masa lissafin nan da na yi a sama. Ribar da za mu rasa ba ta kai lafiyar ɗan maƙwabci ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon kula da amanar da Ya ba mu, Ya kuma ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
Hotoro, Ƙaramar Hukumar Nassarawa,
Jihar Kano.